Ɗigo Uku a Cikin Tagulla

Sati uku da saukata Riyad na fara ganin motar, kuma a ranar na gane idon Baba yana tafiya.

Karatun Larabci ne ya kai ni, na shekara biyu, a wata makarantar mata da ta ɗauki nauyina. Abin da na rubuta a takardar neman gurbi ke nan. Abin da ban rubuta ba shi ne mahaifina yana garin, shekara bakwai rabonsa da Haɗeja. Duk abin da ya samu gida yake turowa, har Inna ta tsaya da ƙafarta aka gina gida mai ɗaki huɗu a bayan kasuwa, gidan da bai taɓa gani ba sai a fuskar waya. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Bari in gama da tsohuwar nan, in zo in ga gidana da iyalina."

Ɗakinsa yana Al-Jaradiya, a wani tsohon bene mai ƙunƙuntar matakala, inda ƙamshin daddawa ke fitowa ta ƙarƙashin wata ƙofa, na shinkafar Larabawa ta ƙarƙashin wata. Ranar Asabar ɗin farko da aka ba mu izinin fita na je. Ya riƙe fuskata da hannu biyu ya daɗe yana kallo, yana juya kansa a hankali daga goshina zuwa haɓata, kamar mai bin rubutun allo. Na ɗauka kewa ce.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "kin zama mutum ban sani ba. Sa takalminki mu je ki gaida tsohuwa."

Abokin aikinsa Usta Bashir ne ya ja mu a akori-kura. Baba, wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ce direba ne, ya zauna a gefe, wai ya gaji da cunkoson garin. Usta Bashir mai ɗinkin kujerun mota ne, ɗan Sudan, kakanninsa Hausawa ne da suka taso aikin Hajji a ƙasa suka tsaya a hanya. A bakin kakarsa ya koyi Hausa, shi ya sa yake magana kamar tsohuwa.

"Ke 'yar nan," ya ce da ni ta madubi, "wa ya aiko ki ƙasar da ko tsuntsu sai da iƙama yake tashi?"

Muka yi ta gangarawa kudu har gidaje suka ƙare, sai manyan rumbunan kwano na Birnin Masana'antu na Biyu, duk launinsu ɗaya da ƙasar da suke kai. A cikin ɗaya daga cikinsu warshar take, wato garejin da suke aiki.

Tsohuwar motar tana tsaye a kan katakai a tsakiyar wurin, babu taya ko ɗaya. Doguwar gaba gare ta, da fitilu biyu manya kamar ƙore, sitiyarinta a dama. A Italiya aka ƙera ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Jikinta farin ƙarfe ne mara nauyi da aka buga da hannu aka lulluɓa a kan ƙashin katako, in ka shafa ta ciki har yanzu za ka ji sawun guduma. Launinta ja ne mai duhu, irin na zoɓon da ya kwana. Mahaifin Abu Nasir, kafilin Baba, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, shi ya saye ta a Asmara a hannun wani Bature, aka tsallako da ita ta Jidda, sannan ta yi shekaru da yawa a rufe tana cin ƙura. Ban taɓa zaton ƙarfe zai iya ba ni tausayi ba. Ta yi min kama da baƙuwar da aka manta a tasha.

Baba yana nuna min injin sai noti ya kuɓuce masa. Kusa da ƙafarsa ya faɗi, gefe kaɗan. Ya sunkuya yana juya kai duka, dama da hagu, ya wuce shi sau biyu. Usta Bashir bai ɗago daga ɗinkinsa ba, ya dai miƙa ƙafa ya turo notin zuwa gabansa. Baba ya ɗauka ya ci gaba da magana kamar ba abin da ya faru.

Da ya zagaya yin alwala, Usta Bashir ya soke allurarsa a jikin fata.

"Kin gani ko? To kin gani. Shekara biyu ke nan. Likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiya yake ci, abin da ya ci kuma ba ya amayarwa. Maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi. Yanzu kamar ta cikin bututu yake leƙen duniya, bututun kuma kullum tsukewa yake."

"Inna ta sani?"

"Ya ce duk wanda ya faɗa mata, shi da shi har gaban Allah."

"To me ya hana shi tafiya gida?"

Ya nuna motar da leɓe.

A hankali na fahimci yadda abin yake. Mai irin iƙamar Baba ba ya barin ƙasar sai kafilinsa ya amince. Abu Nasir kuwa ya yi alkawari ɗaya: akwai wani masanin tsofaffin motoci da zai gayyato daga Italiya, ranar da masanin ya sa hannu cewa kowane ƙarfe na jikin motar na zamaninta ne, ranar zai ba Baba huruj, wato izinin tafiya gida gaba ɗaya.

Asabar ta gaba na tare Abu Nasir don in roƙe shi ya sallami Baba. Dattijo ne mai sanda, mai taushin murya, ba ya zuwa warsha sai da dabino da gahawa. Na shirya kalmomina tun daga makaranta, na jera masa su da Larabcin littafi. Ya saurara har ƙarshe yana murmushi.

"Larabcinki kamar huɗubar Juma'a, ya binti. Zauna. Yusuf ɗan'uwana ne, ba ma'aikacina ba. Wa ya kai shi wurin likita? Mutum uku na kawo kafin shi. Ɗaya ya fasa min gilashin fitila, ɗaya ya ce a sa mata injin Jafan a huta. Ni ma tsoho ne. Ina so in ji kukanta sau ɗaya, yadda na ji shi ina zaune a cinyar mahaifina. Wata uku kawai. Ci dabino."

Na ci dabinon. Har yau ina jin haushin zaƙinsa.

A hanyar komawa, da muka kusa Al-Jaradiya, Baba ya juyo gare ni. "Na yi wa mutum alkawari," ya ce. "Kada ki ƙara roƙa min abin da ban aike ki ba."

Tunda roƙo ya ƙi, sai na ce bari in zama idonsa na gefe, ko aikin zai yi sauri. A akwatin motar akwai tsohon littafin kayanta, da Italiyanci, takardunsa sun yi launin shayi. Na ɗauki hotonsa shafi-shafi, na riƙa binsa da ƙamus tsakanin darasin nahawu da na balaga. Kafin wata biyu na san sunan kowane ƙarfe da harshen da ban iya gaisuwa da shi ba.

Na koyi cewa sukurun zamaninta tsaga ɗaya gare shi, mai tsaga biyu a gicciye daga baya ya zo. Na koyi cewa kan notin lokacin fes yake, babu lamba. Na koyi bambanta nikel da kurom, ƙarafan da ake shafa wa hannun ƙofa da bakin fitila don su yi walƙiya: hasken nikel ɗumi gare shi, kamar farin wata a daren sha huɗu, na kurom kuwa shuɗi-shuɗi ne mai sanyi, kamar fitilar asibiti. Motarmu nikel take so. Wayoyin wutarta da zare ake naɗe su, ba da roba ba. Kujerunta da gashin doki ake cusa su, abin da ya sa Usta Bashir ya yi sati yana atishawa yana tsine wa dawakin Italiya.

Da na bi jikinta da littafin, sai na tarar da sukuru masu gicciye sun fi ɗari, sababbi fil. Baba ne ya sa su a shekarunsa na farko, don kyautatawa.

"A Haɗeja in ka mayar wa mutum tsohon noti, cewa zai yi ka cuce shi," ya ce yana sosa ƙeya. "Nan kuma in ka sa masa sabo ne ka cuce shi. Wace irin ƙasa ce wannan?"

"Ina tsofaffin, Baba?"

Ya ja wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur. Duk suna ciki, ko ɗaya bai ɓata ba. Maƙeri ba ya zubar da ƙarfe. Asabar huɗu muka yi muna mayar da su, ni ina nemo ramin, ina ɗora yatsansa a kai, shi yana ɗaurewa. Na buɗe kundi na musamman don masanin: kowane ƙarfe da hotonsa, da shafinsa a littafi, da inda ya fito.

Kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi a Riyad, in har akwai masu daɗi. Sauran ranakun mako ina ɗakin kwanan ɗalibai da 'yan mata biyu daga Indonesiya, masu kirki, muna gaisawa da Larabcin da ba na kowa ba a cikinmu. Ta tagarmu babu abin da ake gani sai katanga da kan bishiyar dabino ɗaya. Ruwa na fi kewa. Ni da na tashi ina jin masunta suna kiran juna a bakin kogi, na zo garin da in ka ji ƙarar ruwa, to na'urar sanyaya ɗaki ce ke ɗiga.

Abu ɗaya ya rage a motar: famfon ruwa, wanda ke zagaya ruwa a cikin injin don kada ya yi zafi. Na tagulla ne, girmansa kamar kwakwa biyu a haɗe. Nata na asali ya tsage daga wuya har ciki, kunnensa ɗaya ya karye ya ɓata. Duk wanda ya gan shi sai ya girgiza kai.

Sai ga wani dillalin kayan tsofaffin motoci, mai yawan turare da yawan rantsuwa, ya ce yana da ɗan'uwa a Asmara da ya san inda irinta ta mutu. Ya ce sati uku. Wata huɗu muka jira. Da kayan ya iso, a naɗe yake cikin tsohuwar jaridar Italiyanci, ya yi baƙi kamar ya shekara ɗari a rijiya. Abu Nasir ya sa aka kawo faranti guda na shinkafa da naman rago, aka ci a ƙasa a gefen motar.

Bayan an wanke hannu na ɗauki famfon na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Lambobin da ke jikin injinmu da hannu aka buga su, ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar karkacewarta. Na wannan kuwa a miƙe suke sak, kamar an buga su da na'ura jiya. Na waiwaya na ga Baba ya miƙo hannu. Ya rataye famfon a yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kai kunne.

"Wannan bai shekara biyar a duniya ba. Kuma an cika masa dalma."

"Baba," na ce a hankali da Hausa, "in muka yi shiru fa?"

"Kwana nawa zai yi bai yi yoyo ba?"

Shi da kansa ya faɗa wa Abu Nasir. Aka kira dillalin, wayarsa a kashe, kuma ba ta sake buɗewa ba.

Ina da ma'aunin da nake auna idon Baba da shi, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk Asabar in na iso sai in tsaya gabansa da nisan kamu biyu in ce, "Me kake gani?" Da na zo Riyad, fuskata duka yake gani, ban da kunnuwa. Bayan wata huɗun da muka yi muna jiran dillali, Baba ya ce, "Ido ɗaya da hanci. Hancin ma na Innarki ne, ba a rasa shi." Ya yi dariya. Ni ma na yi, don kada ya ji shirun.

Ranar ya ce da mu ya gaji da jiran Turawa da 'yan damfara. "Ni ɗan maƙeran fari ne. Ubana ya zuba munduwa da buta da ƙararrawa, ni nake ja masa zuga-zugi. Famfo ba zai gagare ni ba. Ku nemo min yashi mai laushi da tsamiya."

Tsamiyar, wadda ake wanke tagulla da ita bayan zubi, ita ta kai mu kasuwar kayan lambu ta Al-Aziziya. Ina riƙe da gefen rigarsa, amma na saki don in taya tsamiyar. Sai na ji ƙara. Baba ya yi karo da tarin kwandunan tumatir, sun zube har tsakiyar hanya. Mai kayan, wani ƙaton Bamisire, ya taso yana zuba masifa, yana tambaya ko makaho ne. Baba ya durƙusa yana lalube, yana tsinta yana cewa a yi haƙuri, hannunsa yana wuce tumatir ɗin da ke gefensa. Mutumin ya tsaya da maganar a bakinsa. Ya ɗaga Baba, ya kaɗe masa gwiwa, ya zaunar da shi a kan kujerarsa, ya fasa rumman ya zuba masa 'ya'yan a tafin hannu.

"Ci, ya Hajj. Harshena ne ya fi ni sauri."

Baba ya ci. Ni na juya baya ina tsintar tumatir har hawayena suka tsaya.

Jarrabawa ta hana ni fita sati biyu. Da na dawo, famfon yana kan tebur a kan farin ƙyalle. Na ɗauke shi na gwada da zanen littafi, kusurwa-kusurwa. Babu inda ya kauce. Har lambar ya mayar masa, da 'yar karkacewar bakwai ɗin da ke cikinta. Usta Bashir ya ce sau uku aka fasa yashin da ake zuba tagullar a cikinsa aka sake, kuma rabin aikin da yatsa Baba ya yi shi, ido a rufe.

"Ya yi ƙyalli da yawa," na ce.

"Haka ne. Kada ya zama ango cikin tsofaffi." Ya turara shi da hayaƙi, ya goga masa tsohon baƙin mai, har launinsa ya kwanta ya yi daidai da injin.

Na buɗe kundina, a gaban famfon ruwa na rubuta: na asali. Hannuna bai yi rawa ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ban tambayi inda tsohon yake ba. Na san Baba, na ɗauka yana wani gwangwani.

Ranar da aka tayar da injin ta yi tari sau biyu, sannan ta kama da wata murya mai kauri, mai nutsuwa, kamar ta dattijon da ya fara ba da labari. Abu Nasir ya zauna a kan matakinta ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Baba ya ɗora tafin hannu a kan lagireto ya daɗe. "Ruwa na zagayawa," ya ce. Da yammar ya kira Inna ya ce ta fara shiri.

Masanin ya iso bayan sati uku. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai farar hula, da 'yar tocila da gilashin ƙara girma a aljihu. Turanci yake yi, ni nake fassara wa Baba da Hausa, in fassara wa Abu Nasir da Larabci. Wuni guda ya yi yana rarrafe a ƙarƙashinta. Ya shinshina kujera ya ɗaga wa Usta Bashir babban yatsa. Ya duba sukuru, ya duba nikel, yana bin kundina shafi-shafi yana gyaɗa kai. Ya tambaye ni a ina na yi karatun wannan aiki. Na nuna masa Baba.

Washegari bayan azahar ya ce a kwance masa famfon ruwa. Ya juya shi, ya auna shi a hannu, ya duba lambar ya yi murmushi. Sannan ya buɗe murfin ya haska ciki. Na ga ya tsaya.

"Wannan fa?"

A can cikin wuyan, inda ido ba ya kai wa sai an nema, akwai ɗigo uku da aka buga, a jere kamar duwatsun murhu.

"Wataƙila alamar masana'anta ce," na ce.

"Na buɗe irin wannan da yawa, 'yata. Ban taɓa ganinta ba."

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ba komai, Baba."

"Miƙo min." Ya zura ɗan yatsa ciki, bai ko laluba ba. "Ce masa tawa ce."

"Baba, don Allah."

"Ce masa. Alamar gidanmu ce. Ba a fitar da zubi babu ita. In ya fashe gobe ya ƙona wani, a san ƙofar da za a buga. Wanda ya zuba abu ya ɓoye hannunsa, ya san abin da ya zuba."

Na fassara. Masanin ya dubi famfon, ya dubi idon Baba, ya cire hularsa ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce ya tsufa a wannan aiki, kuma da ba don ɗigon nan ba da ya sa hannu bai sani ba. Ya ɗora yatsa a kan layin da na rubuta a kundi, ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sai kuma ya ce kada mu damu, abin bai ɓaci ba. A kawo masa tsohon, ko a farfashe yake. A garinsu akwai masu ɗinke tsagaggiyar tagulla ba tare da wuta ba, kuma muddin jikin na asali ne da lambarsa, gyara ba ya hana shi zama na asali. Zai tafi da shi, a dawo da shi cikin wata guda, kowa ya iya ɗaura shi. In ya gan shi da idonsa, yau ma zai sa hannu.

Na ji kamar an buɗe taga a ƙirjina. "Baba, ina tsohon? Ya ce zai karɓa. Wane gwangwani ka sa shi?"

"Wane tsoho?"

"Famfon da ya tsage."

"Ai ga shi nan a hannunsa."

Ban gane ba, ko kuma ban so in gane ba.

"Shi na narka, Uwata. Na ƙara masa 'yar tagulla ta cike kunnen da ya ɓata. Da me kike zaton na zuba? Shi ne dai. Munduwar kakarki sau uku ana narka ta ana sake zubawa, kin taɓa jin an ce ba tata ba ce?"

Sau biyu na faɗi maganar, da Turanci, sannan da Larabci. Kowane karo sai ta ƙara nauyi a bakina. Masanin ya zauna a kan wani akwati ya daɗe yana juya hularsa.

"Ki ce masa na fahimta," ya ce. "A wurinsa shi ne. Ina jin ma ya fi ni gaskiya. Amma a takardata ba shi ba ne, kuma ba ni na rubuta dokar ba."

Abu Nasir bai ɗaga murya ba. Ya karɓi famfon ya rungume shi a cinya kamar jariri.

"Za mu nemo wani," ya ce daga baya. "Irinta ba su da yawa a duniya, amma wata rana ɗaya za ta mutu a sayar da kayanta. Kai kaɗai na yarda ka ɗaura shi, ya Yusuf. Ka ga ko Bature ya cire maka hula."

A hanyar komawa Usta Bashir ya buga sitiyari da tafin hannu.

"Kai ma dai, Yusufu. Da aikin banza ka iya, da tuni kana gida kana shan fura."

"Da aikin banza na iya, da wa zai gina gidan?" in ji Baba.

Daga nan sai jira. Na rubuta wa masu tara tsofaffin motoci a ƙasashe da yawa, da Turanci, da ɗan Italiyancina na ƙarafa. Wasu suka amsa da ladabi cewa babu. Wasu suka ce su ma nema suke. Baba yana zuwa warsha kullum, ya goge motar da ta riga ta gogu, ya tayar da ita ta yi minti goma ya kashe. Famfonsa bai ɗiga ko sau ɗaya ba. Inna ta kira ta ce ta gama shiri, ya ce mata saura ƙiris. Na ci gaba da tsayawa gabansa duk Asabar. Ya ce ido ɗaya. Bayan wata biyu ya ce baƙin idon kawai. Wata Asabar ya ce, "Akwai ɗan haske dai, kamar kan allura." Na bar tambaya.

Ana saura sati biyu mu yi hutun ƙarshen shekara, na same shi zaune a gefen motar, hannuwansa a kan gwiwa. Ya cire tabaraunsa ya miƙa wajen da ya ji motsina.

"Ajiye min wannan a jakarki. Nauyi kawai yake min a hanci."

Usta Bashir ne ya kira Abu Nasir. Ya zo da sandarsa, ya tsaya gaban Baba ya yi sallama, Baba ya amsa yana fuskantar ƙofa. Sannan dattijon ya ciro wayarsa, ya sa tabarau, ya daddanna. Bai kai minti biyu ba.

"Halas," ya ce. "An gama. Na ba ka huruj."

Ya sumbaci kan Baba ya ce ya yafe masa. Baba ya ce babu komai, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, sannan ya yi masa bayanin yadda za a riƙa tayar da ita duk sati don kada ta kwanta. Na yi ta neman ƙiyayyar mutumin nan a zuciyata don in sami abin riƙewa, ban same ta ba. Minti biyun kawai nake ta gani.

Ni na rako shi. Daga Kano muka ɗauki mota zuwa Haɗeja, muka isa da la'asar. Har a hanya na roƙe shi ya bar ni in kira Inna in faɗa mata, ya ce a'a, shi zai faɗa da bakinsa.

Tana tsaye a ƙofar gida, da sabon zani, da lalle har wuyan hannu. Na fito da shi daga motar, ya gyara hula, ya saki hannuna don kada ta ga ana riƙe da shi.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "To, ga gidanka."

"Masha Allah," ya ce. "Masha Allah. Ya yi kyau ƙwarai."

Katangar maƙwabcinmu yake fuskanta.

Inna ta dube ni. Na kasa riƙe idonta. Ta sauko daga dakalin a hankali, ta kama kafaɗunsa biyu, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba, ta juya shi.

"Nan ne, Malam."

Ta ɗora tafinsa a kan bangon. Ya shafa sama, ya shafa gefe, har ya kai bakin ƙofa.

"Wane launi ne?"

"Kore. Shekaranjiya na sa aka sake fentin, don ka..." Ta tsaya.

"Ai na ji ƙamshinsa tun daga bakin layi," ya ce. "Ja ni mu shiga."